Biza da masauki: abubuwan da ya kamata mai shirin ƙaura daga Maraɗi ya sani

Mutumin Maraɗi ya saba da tafiya. Da an gama girbin gero da wake, samari daga Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan bakin gulbi kan ɗauki jaka su nufi Ɗan Isa, su tsallaka Jibiya, wasu su tsaya Katsina ko Kano, wasu su zarce Legas, Kwatano ko Abijan. Wannan tafiyar biɗa ba ta cin takardu da yawa, kuma masauki na jiran mutum wajen ɗan garinsu da ya riga shi zuwa. Sai dai tafiye-tafiyen yanzu sun ƙara nisa. Akwai ɗalibin da ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yana neman ƙaro karatu a Turkiyya ko Jamus, akwai ɗan kasuwa mai sarin kaya a Dubai ko Sin, akwai matar da aka yi wa alkawarin aiki a Saudiyya. A waɗannan ƙasashe izinin shiga da wurin kwana a ɗaure suke da juna. Ana tambayar adireshi kafin a ba da biza, kuma ana tambayar takardar zama kafin a ba da hayar ɗaki.

Mece ce biza

Takardu uku ne ake yawan haɗawa wuri ɗaya, alhali kowace da aikinta. Fasfo ƙasarka ce ke ba ka shi, yana shaida ko kai wane ne da kuma ɗan wace ƙasa ce kai. Biza kuwa ƙasar da za ka je ce ke bayarwa, ta hannun ofishin jakadancinta ko ta intanet. Izini ne na zuwa bakin iyakarta domin wata manufa da aka ambata, na wani wa'adi da aka ƙayyade. Jami'in da ke filin jirgi yana da ikon mayar da mai biza idan bai gamsu da bayaninsa ba. Ta uku ita ce takardar izinin zama, wadda ake nema bayan an isa, idan zaman zai daɗe. A Saudiyya ita ake kira igama.

Kowace biza da manufarta: ta ziyara, ta kasuwanci, ta karatu, ta aiki, ta neman magani, ta Hajji ko Umara. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki ya karya doka, ko da wa'adinsa bai ƙare ba. Haka kuma tsawon ran biza dabam yake da yawan kwanakin da aka yarda a zauna. Biza na iya aiki shekara guda, amma kwanakin zama a cikinta ba su wuce 90 ba.

Inda ba a neman biza

Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO, wato ECOWAS, suka sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a watan Satumba 2023, ficewarsu daga CEDEAO kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da shige da fice ba biza har sai an fitar da wani sabon tsari, kuma fasfo mai tambarinta yana nan yana aiki. Mutanen Maraɗi sun san cewa iyaka na iya rufuwa ko da ba a soke wata yarjejeniya ba: sun gani a rufewar da aka fara a Agusta 2019, sun sake gani daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Wanda zai wuce kwana 90 a Najeriya ko Kwaddibuwa ko Gana, doka na neman ya yi takardar zama, ko da kuwa da yawa ba sa yi.

Abin da ke sa a tsananta

Tambaya ɗaya ce ke gaban jami'in biza: shin wannan mutum zai koma gida idan wa'adinsa ya cika? Duk takardar da ake nema amsa ce ga wannan tambaya. Ana so a ga abin da ya ɗaure mutum da gida, kamar aikin albashi, shago mai rajista, gona mai takarda, iyali ko karatun da bai ƙare ba. Ana so a ga kuɗin da zai ci ba tare da ya nemi aiki a ɓoye ba, da inda zai kwana.

Akwai kuma dalilan da ba su shafi mai nema ba ko kaɗan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, sannan ta rufe ofishin jakadancinta a watan Janairu 2024, abin da ya sa ɗalibai da yawa sai sun tsallaka ƙasashe maƙwabta kafin su ajiye takardunsu. A watan Disamba 2025 Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta dakatar da shigar 'yan ƙasarsu. Irin waɗannan matakai kan sauya cikin ɗan lokaci, don haka labarin da wani ya kawo daga tafiyarsa ta bara ba hujja ba ne bana. Shafin ofishin jakadancin ƙasar da ake nufi shi ne wurin tabbatarwa.

Takardun da ke farawa tun daga gida

Nan ne yawancin tafiye-tafiye ke yin tuntuɓe, tun mutum bai bar Maraɗi ba. Tushen komai takardar haihuwa ce. Wanda aka haifa a ƙauye ba a yi masa rajista cikin wa'adi ba sai ya je kotu da shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadinta. Da ita ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ita ma a kotu. Da waɗannan ake yin katin ɗan ƙasa, sannan fasfo, wanda ke hannun sashen 'yan sanda mai kula da shige da fice da aka daɗe da sani da DST, mai hedikwata a Yamai. Mai neman karatu ko aiki kan ƙara da takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke masa hukunci ba, wadda ranta wata uku ne kacal, saboda haka ba a gaggawar karɓarta.

Abin lura shi ne sunan da ke kan takardun. Yaro ɗaya na iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a takardar makaranta, Mahaman a katin ɗan ƙasa. Sunan uba ya zo gaba a wata, ya koma baya a wata. Garin haihuwa a rubuta shi Djiratawa a nan, Jiratawa a can. Tsofaffin takardu da yawa shekara kawai suka ambata, daga baya aka cike da 1 ga Janairu. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma jami'in da ke gwada takardu a ofishin jakadanci bai san shi ba, harafi ɗaya kuma ya ishe shi ya yi shakka. Gyara irin wannan aikin kotu ne da ma'aikatar magajin gari, yana cin makonni, don haka shi ya kamata a fara da shi kafin a biya kuɗin komai.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin rawaya, yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Saudiyya na neman rigakafin sanƙarau ga mai Hajji ko Umara. Ƙasashe da yawa, ciki har da Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Manyan ofisoshin jakadanci a Yamai suke, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma ana ɗaukar hoton yatsu, ke nan dole mutum ya je da kansa. Kuɗin mota da na kwana a Yamai suna cikin kuɗin biza, ko da ba a rubuta su a kan rasiti ba.

Yadda neman ke gudana

Bizar Shengen misali ce mai kyau, domin ƙa'idarta a rubuce take kuma ɗaya ce a ƙasashen Turai 29. Tana ba da zaman kwana 90 cikin kowane kwana 180. Daga watan Yuni 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga baligi. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, hakan ya kama kusan jika 59, kuma ba a mayarwa idan an ƙi. Ana iya ajiye takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kan zo cikin kwana 15, wani lokaci har 45. Ana neman inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin magani har na yuro 30,000, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki, da bayanin shigi da ficin kuɗi a asusun banki na watannin baya. Idan an ƙi, ana ba da takarda mai nuna dalili, kuma akwai damar ɗaukaka ƙara.

Maganar banki ita ke ba 'yan kasuwar Maraɗi wahala. Alhajin da ke juya miliyoyi tsakanin Babbar Kasuwa da Kano na iya kasancewa dukiyarsa duk tana cikin kaya da bashin da yake bin abokan ciniki, asusunsa na banki kuwa fayau. Idan ya zuba kuɗi masu yawa mako guda kafin ya nemi biza, jami'i zai ɗauka aro ya yi. Abin da ke gamsarwa shi ne kuɗin da aka ga suna shiga suna fita wata da watanni, tare da rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji. Manomin Jiratawa mai fili a fadamar noman rani, takardar mallaka daga hukumar kula da filaye ta fi masa shaidar baki amfani. Mai zuwa Sin da bizar kasuwanci kuma sai ya sami takardar gayyata daga kamfanin da zai yi hulɗa da shi ko daga baje kolin Kanton, wanda ake yi sau biyu a shekara a birnin Guangzhou.

Ga ɗalibi, takardar samun gurbi ita ce farko, sannan shaidar abin da zai ci. Jamus na neman a ajiye kuɗi a wani asusu da ake kullewa ana sakin su wata-wata. Daga Satumba 2024 adadin yuro 11,904 ne na shekara, wato sefa miliyan 7 da dubu 800 da 'yan kai. Wannan ya fi ƙarfin yawancin gidaje, shi ya sa tallafin karatu ke da muhimmanci. Hukumar ANAB ce ke kula da guraben da ƙasashe irin su Maroko ke bai wa Nijar. Tallafin gwamnatin Turkiyya da na Jami'ar Musulunci ta Madina sun haɗa da ɗakin kwana, ke nan sun warware matsalar biza da ta masauki lokaci guda.

Saudiyya da tsarin kafili

Bizar Umara da ta Hajji na ibada ne kawai, Hajjin 'yan Nijar kuma yana bi ta hukumar COHO da kamfanonin da aka amince da su. Wanda ya tsaya bayan wa'adinsa ya zama abin da ake kira takari: ba igama, ba damar kama haya da sunansa, kullum cikin fargabar kamu. Bizar aiki kuwa a ɗaure take da kafili, wato mutumin ko kamfanin da ya ɗauko ma'aikaci. A watan Maris 2021 Saudiyya ta sassauta, ta ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya aiki da fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida, makiyaya da ma'aikatan gona ba. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da aka fi yi wa mutanenmu tayi.

'Yar aikin gida a gidan kafili take kwana. Ranar da ta fita saboda an hana ta albashi ko an ci zarafinta, ta rasa aiki da ɗaki tare, kafili kuma na iya kai rahoton ta gudu, igamarta ta mutu. Dokar ƙasar ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, amma ana yi. Saboda haka kafin a sa hannu, a sami wanda zai karanta kwantaragin da Hausa: albashi, sa'o'in aiki, ranar hutu, wa zai biya tikitin dawowa. A bar kwafin fasfo da na kwantaragin a gida wajen iyali.

Masauki

A ƙasashen Afirka ta Yamma Hausawa sun daɗe da tsarinsu. Zango a Kumasi, Nima da Sabon Zango a Akara, Sabo a Ibadan, Agege a Legas, duk suna da mai gida wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu ciniki, ya tsaya masa idan rigima ta taso, da Sarkin Zango ko Sarkin Hausawa a sama. Wannan tsari yana nan da ransa, kuma shi ne mafi sauƙin mafari. Amma baƙon kwana uku dabam yake da mai zaman shekara, ranar kama ɗaki na zuwa.

Abin da ke girgiza wanda ya saba biyan haya wata-wata shi ne kuɗin farko. A manyan biranen Najeriya hayar shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. A Gana doka ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida, amma masu gidaje kan nemi na shekara ɗaya ko biyu. Kwaddibuwa ta yi doka a 2018 da ta tsayar da abin a hayar wata biyu da kuɗin ajiya na wata biyu. Kuɗin ajiya amana ne da ake mayar wa mai haya ranar tashi idan bai ɓata komai ba. A Faransa na wata ɗaya ne ga ɗakin da ba kaya, na wata biyu ga mai kaya, a Jamus ba ya wuce na wata uku. Shi ya sa ake duba ɗaki tare da mai shi ranar shiga, a rubuta tsagar bango da famfon da ke yoyo, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu. Masu gidaje a Faransa kan nemi wanda zai tsaya wa mai haya, ɗalibin da ba shi da kowa kuma na iya neman lamunin da ake kira Visale.

Adireshi a waɗannan ƙasashe ba wurin kwana ba ne kawai, hukuma na rubuta shi. Mai sauka gidan ɗan'uwa a Faransa na buƙatar takardar karɓar baƙo wadda mai gidan zai nemo daga ma'aikatar magajin garinsu tun kafin a nemi biza. A Jamus ana yin rajistar adireshi cikin kwana 14 da shiga gida, da takardar shaidar mai gidan, kuma ana tambayar wannan rajistar wajen neman takardar zama. A Sin wanda bai sauka otel ba sai ya kai kansa ofishin 'yan sanda cikin sa'o'i 24. Turkiyya tun 2022 ta rufe wa sababbin baƙi unguwannin da yawan baƙi ya kai kashi 20 cikin ɗari, don haka mutum na iya biyan haya a unguwar da ba za a yi masa rajista ba. Ɗakin da samari shida ke kwana da sunan mutum ɗaya yana da araha, amma biyar daga cikinsu ba su da adireshi a idon hukuma. A Jidda kuwa, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya share tsofaffin unguwanni da dama, har da Karantina, inda 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe suna samun ɗaki mai sauƙi.

Dillalai

Kamfanin tafiye-tafiye na gaskiya yana da ofishi da lasisi, yana ba da rasiti, aikinsa cike takardu, sayen tikiti da kama otel. Ba shi ke ba da biza ba, kuma ba ya iya yin alkawarinta. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, ko ya nemi a ba shi fasfo da kuɗi biza ta zo har gida ba tare da an je an ɗauki hoton yatsu ba inda ake neman hakan, to a yi hattara. Takardar banki ta jabu ko gayyatar ƙarya, mai fasfo ne ke ɗaukar laifinta, kuma ƙasashen Shengen rumbun bayanai ɗaya suke dubawa, ƙin da aka yi a wannan ofishi wancan zai gani. Haka abin yake ga ɗaki: hoto a Facebook ko WhatsApp, da mai gida da ke cewa ya yi tafiya amma a aiko kuɗi a ajiye maka makulli, tsohuwar damfara ce. A kama wurin kwana na mako biyu ko uku, a ga ɗaki da ido, sannan a biya.

Abin da ke biyo bayan kuskure

Ƙetare wa'adi na da tara. A Dubai dirhami 50 ne kowace rana. A Saudiyya akwai tara da tsarewa da kora, tare da hana dawowa na shekaru, abin da kan shafi niyyar Hajji nan gaba. Tun Oktoba 2025 ƙasashen Shengen suka fara rubuta shiga da fitar baƙi a kwamfuta maimakon hatimi, ke nan kwana ɗaya da aka ƙara ba ya ɓoyuwa. Wanda ya bi ta Agadas da Arlit ya shiga Aljeriya ba takarda yana fuskantar kamu da jibgewa a wurin da ake kira Fuwan Zero, ya taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. A hanyar Arlit zuwa Aljeriya ce mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a watan Oktoba 2013.

Asarar kan dawo har gida. A yankin Maraɗi, inda gona ta yi ƙaranci mutane suka yi yawa, sau da yawa kuɗin tafiya daga sayar da gona ko jinginar da ita suke fitowa, ko daga awakin uwa. Idan biza ba ta fito ba, ko an koro mutum bayan wata uku, gonar ta riga ta tafi. Lissafin tafiya ya kamata ya haɗa da kuɗin takardu, na zirga-zirgar Yamai, na tikiti, na hayar farko da ajiya, da abincin wata uku kafin albashin farko, a kuma san tun farko wanne daga ciki ne ba ya dawowa.

Wanda ya isa lafiya yana da sauran aiki guda: ya kai kansa ofishin jakadancin Nijar ko ƙaramin ofishinta, kamar na Kano, Jidda ko Dubai, ya yi katin rajistar 'yan ƙasa mazauna waje. Da wannan rajista ake sabunta takardu, a rubuta haihuwar yaron da aka samu a can, kuma idan fasfo ya ɓace ko kafili ya riƙe shi, da ita ake samun takardar wucewa ta komawa gida.